Yadda Ake Auna Siffar Ƙaramin Samfurin Jirgin Sama, da Gane Kuskuren da Ya Cancanci Gyara

A shekarar 2014 kamfanin Eduard na ƙasar Cek ya fitar da ƙaramin samfurin roba na jirgin yaƙin Jamus, Messerschmitt Bf 109G-6, a sikelin 1/48, wato an rage girman jirgin gaske sau 48. Ba a jima ba masu haɗa irin waɗannan samfura suka ɗora shi a kan ma'auni, suka ga ya ɗara girman da ya kamata da 'yan milimitoci. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, har kamfanin ya sake sassaƙa sabon mazubi, ya fito da gyararren samfuri a 2016. Abin lura shi ne, da yawa daga waɗanda suka haɗa na farkon suka ajiye a kan kanta, babu baƙon da ya taɓa shigowa ya ce jirgin nan ya yi girma. Amma ka ajiye jirgin da fiffikensa ɗaya ya sunkuya ƙasa da ɗan'uwansa, ko yaron da bai san sunan jirgin ba zai nuna maka da yatsa.

To, a nan ra'ayina ya tsaya. Daidaiton siffa yana da muhimmanci, amma ba ko'ina nauyinsa yake ɗaya ba. Kamar yadda kake gane ɗan'uwanka daga nesa ta tafiyarsa da yanayin kansa tun kafin ka ga fuskarsa, haka ido ke gane jirgi ta hancinsa, da rufin gilashin matuƙi, da ɗagawar fukafukansa, da yadda yake zaune a kan tayoyinsa. Waɗannan wuraren su za ka ba lokacinka. Ga yadda ake bi, kuma zan riƙa misali da Spitfire na Ingila saboda shi ne jirgin da kusan kowane kamfani ya yi samfurinsa, har da Airfix na Ingila.

Mataki na farko: ka san ainihin jirgin da kake ginawa

Cewa "Spitfire nake haɗawa" bai isa ba. Jirgin da R. J. Mitchell ya zana ya fara tashi ranar 5 ga Maris 1936, kuma kafin a daina ƙera shi ya sauya kama sau da yawa. Nau'in Mk I da na Mk V suna da gajeren hanci da farfela mai ganye uku (na farko-farkon Mk I ma ganye biyu ne). A ƙarƙashin fiffiken dama akwai babban akwatin lagireto, a na hagu kuma ɗan ƙaramin mai sanyaya man inji. Da aka zo Mk IX a 1942, aka sa injin Merlin mafi tsawo, hanci ya ƙaru, farfela ta koma ganye huɗu, akwatunan ƙarƙashin fukafukan biyu suka zama iri ɗaya. Mk XIV kuwa injin Griffon ne, ganye biyar, hanci ya ƙara miƙewa, wutsiya ta ƙara faɗi. Ko faɗin fukafukai ba ɗaya ba ne: akwai waɗanda aka datse wa bakin fiffike don yaƙi a ƙasa-ƙasa, akwai waɗanda aka ƙara wa tsini don tashi can sama.

Saboda haka kafin ka buɗe leda, nemi hoton jirgi guda takamaimai, mai lambarsa a jiki, wanda shi kake son kwaikwaya. Rabin gardamar da ake yi cewa kamfani ya yi kuskure, idan ka bincika sai ka tarar mai ƙorafin ya gwada samfurin wani nau'i ne da zanen wani nau'in daban.

Wannan ya shafi jiragen da muka sani a nan gida. Wanda zai haɗa Hawker Hurricane irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Takoradi, a Ghana ta yau, daga 1940, suna yada zango a Kano da Maiduguri a hanyarsu ta zuwa Masar, ya kula da ƙarƙashin hanci: jiragen da aka shirya wa hamada suna ɗauke da ƙaton matacin ƙura na Vokes, wanda ke sauya kamannin gaban jirgin gaba ɗaya. Haka Alpha Jet, irin wanda sojojin saman Nijeriya ke amfani da shi tun shekarun 1980: na horo da Faransa ta yi wa kanta hancinsa a dunƙule yake, na kai hari da Jamus ta yi amfani da shi kuwa hancinsa mai tsini ne. Idan ka ɗauki wanda bai dace da hotonka ba, babu fentin da zai rufa maka asiri.

Mataki na biyu: lissafin sikeli

Abu ne mai sauƙi. Ka mayar da awon jirgin gaske zuwa milimita, ka raba da lambar sikelin. Faɗin fukafukan Spitfire na yau da kullum mita 11.23 ne, wato milimita 11,230. A sikelin 1/72 zai ba ka milimita 156, a 1/48 kuma 234. Tsawon Mk I mita 9.12 ne, wato kusan milimita 127 a 1/72. Hurricane mita 12.19 ne daga bakin fiffike zuwa baki, milimita 169 ke nan. Faɗin fukafukan Alpha Jet mita 9.11, kusan milimita 126 da rabi.

Sai ka juya lissafin, domin nan ne hankali ke kwanciya ko ya tashi. Milimita ɗaya a samfurin 1/72 tana daidai da santimita 7.2 a jirgin gaske, a 1/48 kuma santimita 4.8. Idan fukafukan Spitfire ɗinka sun gaza da milimita ɗaya, kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, babu idon da zai gani. Amma milimita ɗayan nan idan a kaurin bakin fiffike na baya take, to ka yi wa jirgin baki mai kaurin santimita bakwai, alhali na gaske siriri ne ƙwarai. Milimita ɗaya a tsayin rufin gilashin da gabaki ɗayansa bai wuce milimita shida ko bakwai ba kuwa, ta sauya fuskar jirgin. Ka riƙa tambayar kanka: wannan milimitar, kashi nawa ce na abin da take jikinsa?

A kula da tsawon jiki musamman. Littattafai sukan saɓa wa juna saboda wani ya auna har da bututun da ke tsinin hanci, wani bai haɗa da shi ba, wani kuma ya auna jirgin yana zaune a ƙasa wutsiya a sauke. Faɗin fukafukai ya fi zama abin dogaro.

Mataki na uku: zane da hoto, kowanne da aibinsa

Ka samo zanen jirgin ta gefe, ta sama da ta gaba. Kafin ka yarda da shi, ɗora rula a kan takardar ka auna faɗin fukafukan, ka ga ko ya yi daidai da lissafinka. Injin buga takarda yakan rage ko ya ƙara girma idan an bar shi ya cika shafi da kansa, injin fotokwafi kuma yakan ja zane ta gefe ɗaya fiye da ɗayan. Ka gaya wa mai shagon ya buga a ainihin girmansa, ɗari bisa ɗari, sannan ka sake aunawa ta tsaye da ta kwance.

Ko da awon ya fita, zane hannun mutum ne. Masu zane da yawa sun kwafi juna har da kurakuransu, shi ya sa zane uku su yi ittifaƙi ba hujja ba ce. Wasu kamfanonin, irin su Airfix, yanzu suna zuwa gidan tarihi da na'urar haske mai auna jiki su ɗauki siffar jirgin gaske kai tsaye, don haka ba mamaki sabon samfuri ya fi tsohon zanen da ke hannunka gaskiya. Kada ka ɗauki reza ka yanka roba a kan shaidar zane ɗaya.

Hoto ya fi zane gaskiya, da sharaɗi. Hoton da aka ɗauka daga nesa, daidai saitin gefen jirgin, shi ake so. Wanda aka ɗauka da waya a kusa yakan kumbura abin da ke gaba ya tsuke na baya, sai hanci ya zama ƙato, wutsiya ta ƙanƙance. Jiragen gidan tarihi ma a yi hattara da su: wasu an gyara su da kayan wani nau'in, wasu kuma ƙafafunsu sun zauna saboda daɗewa, ko an tokare su da ƙarfe sun miƙe fiye da jirgin da ke ɗauke da mai da makamai. Hoton zamanin da jirgin ke aiki, ko da dishi-dishi ne, ya fi nuna yadda yake zama.

Mataki na huɗu: haɗin gwaji, ba gam

Ka yanko manyan sassa daga firam ɗin robar da suke zuwa maƙale a jikinsa: ɓarin jiki biyu, fukafukai, wutsiya, rufin gilashi, murfin farfela. Ka goge tabon yankan, ka haɗa su da salatif na takarda. Kada gam ya kusanci teburin a wannan matakin.

Yanzu ka ajiye rula gefe tukuna. Riƙe jirgin a tsawon hannu, ka kalle shi ta kusurwar da aka ɗauki hotonka, ka rufe ido ɗaya. Wata dabara mai kyau ita ce ka sa shi tsakaninka da taga da rana, yadda ba ka ganin komai sai baƙar inuwar siffarsa. A nan ne hancin da ya yi ƙiba, ko bayan da ya yi doro, ko wutsiyar da ta gajarce ke tona kansu, domin ƙananan zane-zanen jiki da ke ɗauke hankali sun ɓace. Idan kana da waya, ja da baya kamar taku huɗu ko biyar, ka jawo hoton kusa, ka ɗauka, sannan ka jera shi da hoton jirgin gaske a girma ɗaya.

Sai bayan ido ya yi ƙorafi za ka ɗauko ma'auni don sanin girman matsalar. Wanda ya fara da ma'auni kullum sai ya samo kuskure, domin babu samfurin da ba shi da shi, kuma daga ranar da ya gani ba zai ƙara jin daɗin jirgin ba.

Ga Spitfire akwai wuri ɗaya da masana ke fara juyawa su duba: ƙarƙashin jiki, inda bayan fukafukai ke haɗuwa da ciki. A jirgin gaske wurin yana da wani lanƙwaso mai lotsawa ciki ta kowane gefe. Tsofaffin samfura da dama sun bar shi a shafe sumul. Sai dai fa jirgin da ke zaune a kan kanta babu mai ganin cikinsa, don haka wannan yana cikin abin da za ka yanke wa kanka hukunci.

Mataki na biyar: raba kurakuran gida uku

Kashi na farko su ne waɗanda dole a gyara, kuma abin mamaki yawancinsu ba laifin kamfani ba ne, aikin hannun mai haɗawa ne: fukafukai biyu su ɗaga daidai da juna, wutsiyar tsaye ta tsaya cak, ƙananan fukafukan baya su yi layi ɗaya, tayoyi su taka ƙasa a kusurwa ɗaya. A gasannin IPMS, ƙungiyar masu haɗa samfuran roba, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, irin waɗannan da tabon haɗi su alƙalai ke fara dubawa, kuma su ke fitar da yawancin jirage daga takara tun ba a zo maganar ko hanci ya cika awo ba.

Kashi na biyu su ne kurakuran fuska: hanci, murfin farfela, rufin gilashi, siffar bakin fiffike, tsayin ƙafafu. Idan idonka ya gan su a matakin da ya wuce, ka gyara muddin gyaran bai fi ƙarfinka ba.

Kashi na uku a bar su: milimita ɗaya ko biyu a tsawon jiki, layin haɗin fale-falen jiki da ya kauce kaɗan, adadin ƙusoshi. Mai son ƙirga ƙusa ba laifi ya yi ba, sha'awarsa ce, amma kada sabon shiga ya ɗauka sai da haka jirgi ke kyau.

Mataki na shida: ɗagawar fukafukai

Wannan na fi daɗewa a kansa domin shi ne ke ba jirgi halinsa idan an kalle shi ta gaba. Fukafukan Spitfire suna ɗagawa sama da digiri 6. A 1/72, rabin faɗin milimita 78 ne, idan ka lissafa daga tsakiyar jiki bakin fiffike zai ɗaga da kusan milimita 8. Hurricane ba haka yake ba, saman fiffikensa kusan a shimfiɗe yake. Alpha Jet kuwa nasa sunkuyawa suke ƙasa. Ka ba Spitfire shimfiɗaɗɗen fiffike, ya tashi daga Spitfire ko da kowace ƙusa tana wurinta.

Inda matsalar ke fitowa shi ne wajen haɗa fiffike da jiki. Sau da yawa akan sami 'yar tazara a gindin fiffike, sai mai haɗawa ya ɗaga fiffiken sama don ya rufe ta, ɗagawar ta wuce kima. Ko kuma jikin ya yi faɗi ya danne fukafukan su kwanta. Idan tazara ce, ka sa ɗan guntun firam a cikin jiki ta kwance ya buɗa shi kaɗan har gefunan su taɓa fukafukan, ko ka cusa siririn fallen roba a tazarar. Idan matsewa ce, ka goge gindin fiffiken da samfefa kaɗan-kaɗan kana gwadawa.

Ka yi wa kanka madogari da kwali: yanka guda biyu masu tsayi ɗaya daidai da lissafinka, ka kafa su a kan allo mai santsi ko gilashi, jikin jirgin a tsakiya, bakin kowane fiffike a kan nasa. Sa gam, ja salatif daga bakin fiffike ɗaya ta saman jiki zuwa ɗayan, ka bar shi ya kwana. Gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su haɗe, kuma yana ci gaba da ja har sa'o'i bayan ya yi kamar ya bushe. Wanda ya cire madogari da wuri yakan tashi da safe ya tarar fiffike ɗaya ya sauka.

Idan sashe ya zo a murɗe, abin da ke faruwa ga kwalin da ya sha zafi a hanya ko aka bari a mota da rana, tsoma shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na 'yan daƙiƙoƙi, ka miƙar da shi da hannu, ka tsoma a ruwan sanyi kana riƙe da shi. Tafasasshen ruwa yana iya tsuke sashen, kuma wannan ba shi da magani.

Mataki na bakwai: ragi da ƙari

Ragewa ta fi ƙarawa sauƙi. Bakin fiffike na baya ana sirantar da shi ne ta ciki, kafin a haɗa sama da ƙasa: shimfiɗa samfefa mai lamba 400 a kan gilashi, ka riƙa goga cikin kowane ɓari har bakin ya yi siriri. Ta haka zanen da ke waje bai taɓu ba. Hancin da ya yi ƙiba kuwa ta waje za a ci shi, amma ka fara liƙa roba ko foti, wato kwaɓin cike rami, ta ciki don kada ka huda. Ka yanka siffar da kake nema a kwali ka riƙa gwadawa, kuma duk shafa goma da ka yi a dama ka yi goma a hagu. Daga 400 ka koma 600, sannan 1000, da ruwa. Masu sayar da fentin mota suna da duk waɗannan lambobin.

Wajen ƙari, foti mai haɗi biyu irin Milliput ya fi, domin ba ya tsukewa idan ya bushe kuma ana lallaɓa shi da jiƙaƙƙen yatsa. Fotin bututu mai warin sinadari na ƙananan ramuka ne kawai, idan ka lafta shi da kauri zai ci robar ta yi laushi. Sufagulu ma yana cike rami, amma ka goge shi cikin sa'a guda, domin idan ya kwana ya fi robar tauri, sai samfefa ta cinye gefensa ta bar shi a tsaye. In kana neman fallen roba, duba gindin kofin yogot ko makamancinsa: wanda aka rubuta PS ko lamba 6 irin robar samfurin ce, gam ɗinka zai kama shi. Tsohon katin banki wata roba ce daban, sai da sufagulu.

Ƙara tsawon jiki aiki ne na tiyata: a yanka jirgin gida biyu a kan layin haɗi, a cusa fallen roba mai kaurin abin da ya ɓace, a sassaƙe, a sake zana layukan. Ni ban ga dalilinsa ba sai gibin ya kai milimita uku a 1/72, ko kuma ya taru a wuri ɗaya da ido ke gani, kamar tsakanin gilashi da farfela. Jikin da aka yanka aka mayar a karkace ya fi gajeren jiki muni nesa ba kusa ba.

Rufin gilashi ba ya karɓar foti. Idan siffarsa ta ɓaci sosai, sai dai a sayi na canji ko a ɗauko daga wani samfurin. Idan zama ne bai yi daidai ba, jikin jirgin za ka gyara ya karɓe shi. Ka liƙa shi da farin gam na kafinta, domin tururin sufagulu yana sa shi ya yi fari fat ta ciki.

Mataki na takwas: zama a kan tayoyi

Ƙafafun Spitfire a tsuke suke kusa da juna, sun ɗan karkata gaba, kuma ƙaramin bambanci a tsayinsu yana karkatar da jirgin duka: rabin milimita a ƙafa ɗaya yana iya zama milimita biyu a bakin fiffike. Yi amfani da gam mai jinkirin kamawa, ka ɗora jirgin a kan madogarin kwalin nan, ka auna tsayin bakin kowane fiffike daga allo kafin ya bushe. Ka ɗan goge ƙasan kowace taya ta yi shafe kaɗan, yadda za a ga alamar nauyi.

Jirage masu taya a hanci, irin Alpha Jet da L-39 da ake horar da matuƙa da shi a Kano, suna buƙatar nauyi a cikin hanci tun kafin a rufe jiki, in ba haka ba za su zauna a kan wutsiya. Gwada da salatif: haɗa komai, ɗora jirgin a kan fensir daidai inda manyan tayoyi za su kasance, ka riƙa ƙara dalma ko ƙananan noti har hancin ya rinjaya, sannan ka ƙara kaɗan.

Daga nan sai ka fesa fentin share fage mai ruwan toka, siriri. Launi ɗaya yana fito da duk wani kwari da tudu da foti ya bari. Haska fitilar waya daga gefe, kusan a kwance da jikin, ka zagaya hancin da gindin fukafukan, duk inda inuwa ta karye ka yi alama da fensir ka koma da samfefa mai lamba 1000. Idan ka sake fesawa, ka mayar da jirgin gaban taga ka duba inuwarsa ta gefe da ta gaba sau ɗaya kafin ka buɗe kwalbar fentin launi.